Rubutu a Cikin Fura

"Lahiya lau, angona. Ya jikin?"

"Wane jiki kuma, tsohuwa? Na ce maki ciwo nike?"

Hajjo ta miƙa wa jikanta Muddassir ƙwaryar fura tana leƙen idonsa. Kwana tara ke nan hankalinta a tashe. Tun da ya dawo Maijirgi daga Tasawa, kullum da hantsi sai ya zagaya bayan rumbu, ya tsaya gaban akuya yana zuba surutu da wani yare, har da nuni da dariya. Ba Hausa ba ce, ba kuma Faransancin da ta saba ji ba. Ita dai ta gama yanke cewa iskoki sun taɓa mata jika.

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Hurag ga tawada nike ji cikinta. Hannunki ya mutu, sakinki za ni yi."

"Sake ni mana, mai wuya kamar muciya! Wa za ta kwashe ka?" Sai ta bar wasa, ta matso kusa da shi. "Muddassir, don Allah, da wa kake magana bayan rumbu?"

"Da akuyarki."

"Innalillahi!"

"Ingilishi nike koyo, Hajjo! Wata ƙungiya za ta ɗauki ma'aikata Tasawa, kuma da baki za su gwada mu. Mushen da ke koya mana ya ce kalma goma kullum, kowace in sa ta cikin magana, in hiddo ta da ƙarhi. In ba da labarin abin da na yi jiya, da na yau, da na gobe, don kowane da yadda ake hwaɗinshi. Ya ce in samu wanda ba shi yi mani dariya in na kuskure."

"Shi ne ka tsallake matarka ka zaɓi akuya?"

"Ta hi ki haƙuri, ta hi ki haƙora."

Hajjo ta zauna daɓas a kan turmi, ta sauke numfashi. Daɗi ya cika ta har da ƙwalla.

"Alhamdulillahi! Ashe ba hauka ba ce, wautarka ce ta gado." Ta laluba bayan randa ta jawo wata kwalba. "To tunda haka ne, ga sauran. Rubutun malam ne, kwana bakwai ina zuba maka cikin hura."

"Ni kike ɗura ma maganin aljannu?"

"To in ba shi ba, mi ke riƙe maka kalmomin, wannan kan naka mai kama da goran da ya hwashe? In ka samu aikin, nawa ne da na malam."

Muddassir ya juya kwalbar, ya mayar mata.

"Ki ba akuya ta sha. Kwana tara ina koya mata, ko kalma guda ba ta riƙe ba."

Hajjo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ka ci, ja'iri. Gobe ka zo ka yi gabana, ni ma ba ni ganewa, balle in yi maka dariya."