Sallau da Cokalin Ukasha

Wani mutum ne a Funtuwa, tela, ana ce masa Sallau Na-iya. Ba iyayensa suka raɗa masa Na-iya ba, 'yan majalisa ne. Duk abin da aka ambata a duniya, Sallau ya iya. Ka ce masa jirgin sama, zai ce maka ai tuƙinsa bai kai taka keken ɗinki wuya ba. Abu na biyu da aka san shi da shi kuwa, maƙogwaro. Ƙamshin miya daga gida na uku kan sa ya ɗinke aljihu a bayan riga.

Matarsa Barira ma'aikaciyar jinya ce, ɗansu guda, Ukasha, ya kusa shekara biyu. Da aka mayar da Barira aikin safe, sai ta nema wa yaron gurbi a gidan rainon Hajiya Kulu. Gurbi ɗaya ya rage, masu nema uku. Sharaɗin Hajiya kuwa ɗaya ne: yaron da ya kai wannan girman sai ya iya ci da cokali da kansa, don masu raino biyu ba za su iya ba yara ashirin a baki ba. Ta ce a kawo shi Litinin mai zuwa ta gani da idonta.

Barira ta dawo gida ta samu Sallau. "Baban Ukasha, mako ɗaya fa kacal. In ya rasa gurbin nan ban san inda zan kai shi ba. Yaro kuma ba a koya masa cokali da gaggawa."

Sallau ya yi dariya har da buga cinya. "Cokali? Ni da na koya wa mutum goma sha huɗu sa zare a allura? Ki bar min shi a shago. Kwana uku ya yi yawa."

Ta dai yi masa bayani dalla-dalla. Ga ƙaramin cokali na roba. Ga abinci mai kauri, wanda ba ya zubewa. A shimfiɗa leda a ƙasa. A bar shi ya ɓata jikinsa, don da ɓatawar ake koyo. Kada a yi masa tsawa.

"Maman Ukasha, karatun asibiti daban, baiwa daban," in ji Sallau.

Da yamma ya je majalisa ya ƙara gishiri. Ya ce ɗansa zai ci da cokali kamar ɗan jakada. Garba mai adaidaita ya ce, "To Na-iya, ranar Litinin ni zan kai ku, kyauta. Ina son in ba da shaida."

Ranar farko Barira ta bar kwano cike da faten dankali, da hanta, da ɗan man shanu. Sallau ya zaunar da yaro, ya miƙa masa cokali. Ukasha ya duba cokali, ya wurga shi, ƙwal! a jikin keke. Ya tsoma hannu, caɓal! ya shafa wa shaddar wani alhaji.

"Kai! Tsaya ka gani. Haka ake yi."

Sallau ya ɗebo, ya kai bakinsa. Ya tsaya. Ya lumshe ido. Ashe haka Barira take iya girki in ba shi za a ba wa ba?

"Ba ka gani da kyau ba. Sake kallo."

Ya sake. Sai ya tuna koyarwa yake yi. Ya kama hannun yaron da cokalin a ciki, suka ɗebo tare, ya nufi bakin Ukasha. Yaro ya kau da kai. To, loma ta riga ta taso, a mayar da ita? Almubazzaranci ke nan. Sallau ya karkato hannun, ya ce "Haa!" Zuruf.

Ukasha ya fashe da dariya. Wasa ya samu. Kafin ka ce kwabo kwano ya yi tas. Da yaro ya fara ƙananan koke-koke, Sallau ya zaro biskit daga aljihu ya toshe masa baki.

Haka aka yi Laraba, haka aka yi Alhamis. Zuwa Juma'a yaron ba ya buƙatar a kama masa hannu. Shi zai ɗebo, ya daidaita, ya miƙa. Ko ɗis ba ya zubarwa. Sallau yana taka keke, yana buɗe baki.

Barira kuwa abin ya ɗaure mata kai. "Ni fa rigarsa nake mamaki. Yaron da ke koyon cin abinci, ko ɗigo babu? Ga shi da na dawo sai ya far wa tuwo kamar wanda ya yi azumi."

"Girma ne yake yi. Tsabtar kuma gado ce. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

A ransa kuwa ya ce, ai babban aikin an gama. Yaro ya iya ɗiba, ya iya riƙo. Juya cokali kaɗai ya rage. Dabara ita ce ranar Litinin ya tsaya can nesa. In yaro bai ga bakin uba kusa ba, ai nasa zai nema.

Litinin ta zo. Sallau ya sha babbar riga, ya karya hula. Garba ya kwashe su. A gidan raino Hajiya Kulu ta sa aka shimfiɗa tabarma, Barira ta buɗe kwano, ƙamshi ya cika ɗaki. Sallau ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya.

"Malam, matso mana," in ji Hajiya.

"A'a, Hajiya. Malami na ƙwarai daga nesa yake kallon ɗalibinsa. Garba, ɗauko wayarka ka ɗauka, don 'yan majalisa."

Ukasha ya ɗauki cokali. Ya riƙe shi daidai. Ya ɗebo fate, har da tsokar hanta a sama, ya karkaɗe a bakin kwano.

"Masha Allah!" in ji Hajiya. "Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, ban ga riƙo irin wannan ba."

Sallau ya gyara hula. "Kaɗan kika gani."

Sai yaro ya waiga dama. Ya waiga hagu. Ya miƙe tsaye. Tafiya yake, taɓas-taɓas, cokali a gaba kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ratsa ɗakin nan kaf, ya tsaya a gaban babbar riga. Ya ɗaga hannu.

"Baba, haa!"

Kowa ya juyo yana kallon Sallau.

"Kai, je ka ci abinka," Sallau ya faɗa ta tsakanin haƙora.

"Baba, haa!"

Sallau ya yi kamar bai ji ba. Ya dubi rufi. Ya dubi Garba, wanda ke ta ɗauka da waya. Yaro ya fara taɓe baki zai yi kuka. Ga ƙamshin man shanu yana hawowa. Sallau ya sunkuya da niyyar ya raɗa masa magana a kunne, amma sabo turken wawa. Bakin da kansa ya buɗe.

Zuruf.

Ukasha ya yi tafi, ya zura hannu cikin aljihun uban. "Bikit!"

Barira ta dafe ƙirji. "Baban Ukasha! Hantar da nake saye don yaron nan? Mako guda cur?"

Sallau ya so ya yi magana, amma bakin cike yake. Garba tuni ya zube a ƙasa yana riƙe ciki.

Hajiya Kulu ta share hawayen dariya da gefen mayafi, ta jawo littafin rajista. "Malama Barira, kwantar da hankalinki. Ukasha na ɗauke shi, don muna neman mai taya mu ba yara abinci. Amma wancan babban da ke bakin ƙofa, ki koma da shi gida. Ba ma karɓar wanda har yanzu a baki ake ba shi."