Kuɓewar da Saratu Ta Ɗaura wa Ƙyalle

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da wayar Saratu ta yi ƙara ba, bayan mun riga mun yi mata jana'iza. Wayar tana kan taga inda ta saba ajiye ta, kuma ni ne nake ta sa mata caji, ban san dalili ba. Na ɗauka. Wani mutum ne ya gaishe ni da fara'a, ya ce shi malamin gona ne, yana neman Mama Saratu ta unguwar Television. Wai a tuna mata bikin nunin amfanin gona na can wajen Rido ranar Asabar ne, sunanta yana cikin masu gasar kayan miya, ta zo da wuri.

Na ce masa Saratu ta rasu.

Ya yi mini ta'aziyya, ya ce to bari ya cire sunan. A nan ne bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kada ka cire, Malam. Kuɓewarta tana nan. Ni zan kawo."

Saratu matata ce. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da aka rufe ta na ɗan yi gadi, yanzu kuma ina zaune a gida. A bayan gidanmu akwai ɗan fili da ta mayar lambu: alayyahu, yakuwa, tattasai, sai kuɓewa, wadda ita ce sarauniyar wurin. Irin kuɓewar nan daga hannun mahaifiyarta ta karɓo shi a ƙauyensu wajen Kachia, shekarar da muka yi aure. Ba ta taɓa sayen iri a kasuwa ba, ba ta kuma ba kowa nata. Kowace kaka takan tafi bikin nan da kwandonta, ta dawo da bokiti ko kwano ko turmin atamfa. Ni ban taɓa raka ta ba. Kullum ina da uzuri. (Uzurin yawanci kujera ce da rediyo.) Duk abin da na sani game da kuɓewa shi ne yadda take tafiya da tuwo.

Abin da nake so ɗaya ne: a kira sunanta a lasifika sau ɗaya kuma, a ce kuɓewar Saratu ce ta zo ta ɗaya.

Ranar Juma'a da yamma na shiga lambun, karo na farko tun rasuwar. Matan zumuntar cocinmu sun yi ta tsinkar kuɓewa a ciki suna yi wa masu zaman makoki miya, amma na lura akwai waɗanda ba su taɓa ba. Manya ne, dogaye, kowace an ɗaura mata ƙyalle a gindi. Na gane ƙyallen, daga tsohon zanin Saratu ne, ja, wasu kuma shuɗi. Ɗaurin ma nata ne, irin wanda take yi wa bakin buhu. Na daɗe a tsaye a wurin.

Sai na yi lissafi irin na mai hankali. Na ce ai Saratu ta san biki yana zuwa, ta zaɓi waɗanda za ta kai, ta yi musu alama kafin ciwo ya kwantar da ita. Shi ya sa mata suka bar su. Ga ƙanana nan birjik a jikin reshe, wasu ba su wuce ɗan yatsa ba, na dube su na tausaya musu. Wa zai kai waɗannan gasa? Na ɗauko wuƙa, wuƙar ma sai da ta sha wahala (wannan kaɗai ya isa ya faɗa wa mutum wani abu, amma ni sai na ce ƙarfi ne na lafiya), na yanke masu ƙyallen duka, ban bar ko ɗaya ba. Na wanke su da soso. Da na ga ba su yi sheƙi yadda nake so ba, na shafa musu man gyaɗa. Ƙyallen kuwa na bar su a jiki, don kowa ya ga zaɓin mai lambu ne.

Da safe na sa rigar da nake zuwa coci da ita, na jera su a babban farantinta, na rufe da farin mayafi. A cikin Keke mai ƙafa uku wata mata ta tambaye ni me na ɗauko haka kamar kayan biki. Na ɗan ɗaga mayafin. Ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "Hmm. Sannu, Baba." Na ɗauka mamaki ne ya hana ta magana.

Filin makarantar firamare ne aka kafa rumfuna. Ban taɓa ganin abinci ya yi kwalliya haka ba. Doya kamar cinyar mutum, damman dawa an jingine su, masara an yi mata kitso da ɓawonta, citta tuli guda, kabewa sai mutum biyu sun ɗaga. Can gefe mata sun baje daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kwalabe, ga masu saƙa, ga wasu suna tuƙa gwaten acca, alƙalai na yawo da cokali. Duk inda na duba, babba ne ake yabo. Zuciyata ta ƙara kwanciya.

A teburin kayan miya na tarar da Hajiya Asabe ta Unguwar Mu'azu. A wannan bikin suka san juna da Saratu, kuma shekara da shekaru su biyu ne suke karɓe ta ɗaya da ta biyu a tsakaninsu. A waya kullum faɗa suke, amma da Saratu ta kwanta asibiti Hajiya ce take aiko da kunu, ranar jana'iza kuma ta zauna a gidanmu har yamma.

"Baban Bulus! Kai ne yau a filin mata? Ya haƙuri?"

"Mun gode Allah, Hajiya. Na zo ne in karɓe bokitin nan, kada ki saba."

"Iye! To buɗe mu gani mana."

"Sai alƙalai sun zo. Kada ki suma tun yanzu."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Na leƙa nata kwandon, ƙanana ne sumul, kore shar. Na duba na sauran matan, duk haka. Wallahi har na ji tausayinsu, na ce a raina bayin Allah sun sha rana a banza.

Alƙalan biyu ne, malamin gonan da ya kira ni da wata dattijuwa mai tabarau, sai mai lasifika yana bin su yana zuba surutu. Na lura dattijuwar ba ta auna komai. Ɗaukar kuɓewa take, ta sa babban yatsa a tsinin, ta danna. Sai ka ji ƙas, tsinin ya ɓalle. Ta duba ciki, ta murza yauƙin a yatsu, ta gyaɗa kai, ta wuce. Na ga ta yi haka a kwando na farko, na biyu, na Hajiya. A nan ne na fara shakka, amma na ce wataƙila manya da nasu gwajin daban.

Mai lasifika ya ce, "Sai kuɓewar marigayiya Mama Saratu daga Television, maigidanta ne ya kawo da kansa. A tafa masa!"

Aka tafa. Na ji sunan ya bi filin nan har bakin hanya. Na janye mayafin a hankali, yadda ake buɗe sabuwar mota.

Man gyaɗan nan yana ta ƙyalli a rana.

Dattijuwar ta gyara tabarau, ta ɗauki ɗaya, ta danna tsinin. Bai motsa ba. Ta sa hannu biyu. Ya lanƙwasa ya dawo. Ga santsin mai, sai kuɓewar ta kuɓuce mata ta faɗa kan tebur, ta yi ƙara kamar an yar da muciya. Mai lasifika bai bar ni ba.

"Jama'a, a kawo zarto! Baba, wannan miya za a yi da ita ko ƙyauren ƙofa? Masu shanu ku duba, ko wani ya rasa ƙaho!"

Filin ya fashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Har da mai ya shafa mata, amarya ce!" Dattijuwar da kanta ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa ina tsaye cikin rigar coci, mayafi a hannu, gumi yana bin bayana. Dariyar ba ta dame ni kamar abu ɗaya ba: da sunan Saratu aka kira wannan itacen. Matar da ko a kasuwa ba ta taɓa yarda an sa mata tsohuwar kuɓewa a cikin gyara ba.

Na ce da ƙarfi, "Ba ni na zaɓa ba! Ita ta zaɓa da hannunta. Ga ƙyallenta nan!"

(Kun ji fa. Ina neman wanke ta, na ɗora mata laifin gaba ɗaya.)

Hajiya Asabe ce kaɗai ba ta dariya. Ta matso, ta ɗauki ɗaya mai shuɗin ƙyalle, ta juya ta a hannu. Ta yi magana a hankali, amma da yake lasifikar tana kusa, kowa ya ji.

"Baban Bulus, wa ya ce ka yanke waɗannan?"

"Ai alama ta yi musu."

"Alama ce, ta kada a taɓa. Na iri ne. Barin su ake yi a jikin uwa har su bushe su fara tsagewa. Duka ka yanke?"

Na ce duka.

Ta sa bakin mayafinta ta goge man da ke jikin kuɓewar. "Shekara nawa ina roƙon matar nan irin nan tana hana ni. Wai in ta ba ni, da me za ta kayar da ni? Sai da na je duba ta a asibiti ta ce, 'Asabe, bana na ɗaura miki naki. Masu ja na gida ne, masu shuɗi naki. In sun bushe ki aiko.'"

Babu wanda ya sake dariya. Mai lasifika ya sauke abinsa ƙasa, ya ce, "Baba, ka yafe ni." Na ce babu komai, ai gaskiya ya faɗa, da ƙahon suka fi kama. Malamin gona ya dafa kafaɗata. Da aka zo sanarwa, Hajiya ce ta zo ta ɗaya. Kafin ta karɓi bokitinta ta sa aka ba ta lasifikar, ta ce a sani da mai lambun Television tana raye, da ita Hajiya ta biyu za ta zo kamar bara, kuma abin da aka gani yau aikin namiji ne. Aka yi dariya, ni ma na yi, hawaye yana zuba.

Ita ta raka ni bakin hanya, tana ba ni umarni kamar ɗan makaranta. In goge man nan tas. In rataye su a inuwa inda iska ke shiga, ba a rana ba. Kada in fasa sai na girgiza na ji suna kaɗawa.

"Za su tsiro, Hajiya?"

"Sun ƙosa, amma ba su gama ba. Wataƙila wasu su yi. Allah ne ya sani. Ƙananan da suka rage a lambu kuma ka bar su, ko za a dace." Ta ɗan harare ni. "Kuma don Allah, in ka ga wani abu da ƙyalle a gidan nan, ko akuya ce, ka kira ni kafin ka ɗauko wuƙa."

Da na koma gida na yaga tsohuwar singiletina na ɗaura wa duk wata kuɓewa da ta rage, har da wani tattasai da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai dai ruwa ya ɗauke a makon nan, ƙananan suka yanƙwane ba su yi ƙwaya ba. Saura na farantin ke nan.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mutum zai iya shan miya tun yana saurayi har ya yi furfura bai san komai a kanta ba, kuma in ka ga mata sun kewaye wani abu sun bar shi, ba kai suka bar wa ba. Tambaya ɗaya da na yi wa maƙwabciya ta kan katanga da ta ishe ni. Tafiya ɗaya da na raka Saratu ma da ta isa.

Suna nan rataye a baranda, masu ja a gefe, masu shuɗi a gefe. Sun bushe, sun yi launin ƙasa, in na girgiza su ina jin suna kaɗawa. Hajiya ta kira ni tana tambaya, na ce mata ina nan tafe. Rani ya wuce, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, maƙwabta sun fara gyaran fili. Har yau ban fasa ko ɗaya ba, kuma ban kai wa Hajiya nata ba.