Murhun Abatcha a Bakin Hanya

"Lafiya lau muka kwana, ban da hayaƙinka da ya kori awakina."

Haka Aisa ta amsa gaisuwar taubashinta Abatcha, da ta iske shi durƙushe a ƙofar gidansa a Diffa. Tsohon bokitin ƙarfe ya samu, ya shafe cikinsa da yumɓun kogin Komadugu, ya gitta guntayen rodi a bisa. Wai murhu! Tun rasuwar matarsa Ya Fanna bai ƙara taka madafa ba, 'ya'ya kuma duk suna Damagaram. Kaɗaici ya ramar da shi, amma bakin nan na nan daram.

"Wannan akurkin kaza ne ko me?"

"Murhu ne, baƙauya. Daga Maine har Bosso babu irinsa. Itace biyu, ya dafa raƙumi."

"Raƙumi? Ruwan shayin nan tun asuba kana kallonsa yana kallonka."

"Fuskarki ya hango, ya tsorata."

"Ba ka huda masa ƙofar iska ba, tsoho. Ka tsufa kana cin tuwo, ba ka taɓa leƙa inda yake fitowa ba."

"Ni manomin tattasai ne, ba kuku ba."

"To, manomi, me ya hana ka kafa shi cikin gida kamar mai mutunci?"

"Iska ta fi kaɗawa nan."

"Iskar da ka toshe?"

Abatcha ya daɗe yana tura itacen da ya ƙi ci.

"Cikin gida in na yi tari, ba mai ce mini sannu. Nan kuwa ko mai zagi ya zo wucewa, ya tsaya."

Sai a lokacin Aisa ta lura da igiyar da ke ɗaure a hannun bokitin. Bokitin Ya Fanna ne, da shi suke zuwa kogi ita da Aisa. Tausayi ya kama ta, amma ba ta bari ya gani ba. Ta ɗauki ƙusa da dutse, ta huda gindin bokitin, wuta ta kama. Ta kwance bandar kifin da ta sayo a kasuwa.

"Matsa can. Ɗauko tukunya."

"Ga ƙarama nan."

"Babba na ce. Gobe ma mai zagin za ta biyo ta nan."

Abatcha ya yi dariya har da hawaye, ya ce hayaƙi ne.

"Kin ci, muguwa. Amma murhun dai nawa ne."