Kofin Inna a Cikin Makarufo

Shekarar da makarufon masallacinmu ya mutu, ni kaɗai ne mai gyaran rediyo a ƙauyen, kuma ina ji da kaina. A jirgin ƙasa na zuwa garin Sinnar wani muhandis, wato injiniya, ya taɓa gaya mini akwai wata leda mai ba da lantarki idan murya ta girgiza ta, ana ƙara mata ƙarfi da garin tangaran. Ban tambaye shi wace leda ba, balle wane tangaran.

Na ɗauko kofin tangaran da marigayiya Inna ta taho da shi a ƙafa tun daga Sakkwato, na daka a turmi, na kwaɓa da ƙaro, na shafe ledar sukari da shi. Yayata Hauwa ta tsaya tana kallon turmin.

"Shi kaɗai ta bar mana," in ji ta.

Na ce mata wannan ilimi ne. Ko gwadawa ban yi ba, na ɗaura ledar a cikin makarufon.

Washegari da hantsi tsoho Malam Bello ya rasu, jama'a duk suna gonakin auduga. Liman ya sanar sau uku a makarufona, lasifika ko tari ba ta yi ba. Ana zafi, gawa ba ta jira. Mu bakwai muka kai shi. Ɗansa yana can yana ban ruwa, sai la'asar ya ji.

Ba wanda ya zage ni. Amma har yau duk gidan da na yi sallama sai in ji an ce, "A ɓoye kofuna, ga Muhandis." Hauwa kuwa a gwangwani take ba ni shayi.