Rigar Tsumman da Na Jefa a Wuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar Ige ba. Na yi ƙoƙari in manta, abin ya ƙi. Har yau in na warware jan karan-miski zan nuna wa mai saye, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, ni kuwa kasuwata ta fara buɗewa. Dillanci nake yi, ina shiga gidajen matan kulle da ƙunshin tufafi a ka. Da sayar da zare da allura na fara, ba wanda ya ba ni jari, har na kai ina saro yadin kanti a hannun fataken Sabon Gari. Daga yadda mace ta shafa zane nake gane ko saye za ta yi ko ɓata mini lokaci. Saboda haka sai na ɗauka na gama sanin mutane (wannan cuta ce da ke kama duk wanda ciniki ya karɓa).

A shekarar gero ya yi tsada, mutanen ƙauye suna ta kwararowa birni da 'yan komatsansu. A unguwarmu ta Ƙofar Kware akwai wata tsohuwar ungozoma, Goggo Hajo. Ita ta ga yadda ake haihuwa a gidajen da ko abin naɗe jariri babu, sai ta riƙa tara mata a tsakar gidanta duk ranar Alhamis. Su ɗinka 'yan riguna da huluna, su haɗa zanen goyo da majanyi, a kai wa masu jego marasa hali. Ba mai biyan kowa. Wata ta kawo kanwar kunu, wata sabulun salo, wata ɗaurin itacen dafa ruwan wanka. Ni ba ni da haƙurin zaman ɗinki, nawa shi ne ƙyallaye, ragowar yadin da na yanka. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yadda Goggo ke sa mini albarka da ƙarfi a gaban mata.

Wata Alhamis na shiga da ƙyallayena masu ƙamshin kanti, na tarar da Goggo da kanta tana harhaɗa wata 'yar riga da tsummokara. Ga guntun saƙi da ya koɗe, ga gefen tsohon gwado, ga wani abu da ko launinsa ba a ganewa.

Na ce, "Goggo, wannan na sauke tukunya ne?"

Ta ce, "Rigar ɗiyar Ige ta, baƙuwar da ke zaune kangon bayanmu. Jibi suna."

"Ga sababbi na kawo, ki zaɓa mata."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Aje su can. Wagga ba ta son sabo."

A nan ya kamata in ce, "Don me?" Ban ce ba. Wata mai saye tana jirana wajen Hubbare, na saɓi kayana na fita. Kafin in isa na riga na yanke hukunci ni kaɗai: raina baiwar Allah suka yi don 'yar ƙauye ce. 'Yan birni a ba su sabo, ita a ba ta shara. Na yi ta fushi a madadin matar da ko fuskarta ban taɓa gani ba.

Ina da ragowar jan karan-miski, irin wanda bai daɗe da shigowa gari ba. Na kai wa maɗinki a kasuwa, ya yi mini 'yar riga da hula, abin sai ka ce a ci don kyau. (Tunda gaskiya na zauna faɗa: na kuma lissafa cewa matan suna za su gani, su tambayi inda ake samu. Lada nake nema, amma ban hana ciniki ya biyo bayansa ba.)

Ranar suna na isa da rana tsaka, bayan maza sun watse. Ba kiɗa, ba guɗa, mata 'yan kaɗan suna zaune jugum. Na ce a raina talauci ne. Jaririyar tana kwance a tsohuwar tabarma daf da bakin ƙofa, sanye da rigar tsumman nan. Ige, wata siririyar mata mai zurfin ido, tana zaune nesa da ita kamar ba tata ba. Ina tsaye wata ta leƙa ta ce, "Kai, wagga mummunar aba, wa zai so ta?" Sai na ga uwar ta gyaɗa kai kamar an yi mata alheri.

Duk wannan a gabana aka yi. Mai hankali da ya tsaya. Ni sai jinina ya hau.

Na ce, "Wa ya ce mummuna? Ku ji tsoron Allah! Yarinya kamar a sace!"

Na sunkuce ta, na tuɓe rigar tsumman. Ga murhu kusa, ruwan wankan jego yana tafasa a kai, na cilla rigar cikin wuta. Na zura mata karan-miski, na kafa mata hula, na ɗaga ta sama ina juyawa don kowa ya gani. Da na ga ba wadda ta yi guɗa, sai na kama hanci na rangaɗa da kaina.

Guɗar tawa ta ƙare ita kaɗai. Har ƙarar tsumman da ke ci a wuta ana ji.

Sai Ige ta yi wani irin sauti, ba kuka ba, ba ihu ba. Ta fizge 'yar daga hannuna, tana yage rigar, ta faɗa ɗaki ta kife a kanta. Daidai nan Goggo Hajo ta shigo da ƙwaryar kunu. Ta dubi murhu, ta dubi jan ƙyallen da ke ƙasa, ta dube ni.

"Mi kinka yi?"

"Goggo, gani na yi an wulaƙanta..."

"Kin tambayi sunan da anka sa ma ɗiyar?"

Ban tambaya ba.

"Ajuji," in ji ta. "Huɗu Ige ta binne, ba wanda ya kai yaye. Tsumman ga da kinka ƙone, gida-gida na bi na roƙo su wurin matan da ɗiyansu duk sunka rayu."

Ba wai ban san al'adar wabi ba. Wa bai sani ba? Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, in ta sake haihuwa sai a nuna ba a damu da abin da ta haifa ba. A sa masa sunan banza, a sa masa tsumma, a kushe shi, don abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya zo ya ga ba abin ɗauka, ya wuce. Ni kuwa na zo na yi wa yarinyar ado, na ɗaga ta sama, na yi mata shela.

Daga bayana wata ta ce a hankali, "Dillaliya ta kawo talla." Da ƙarya ta yi da na juya mun yi ta.

Na ce, "Goggo, bari in je gida, ina da tsofaffin zannuwa."

Ta kama hannuna, ta sassauta murya. "Naki ba ya yi, ɗiyata."

Ban taɓa haihuwa ba, duk unguwa an sani. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Haka na fita roƙon tsumma. Kuma gidajen da Goggo ta ce in je, yawanci gidajen masu sayen kayana ne, inda na saba shiga ana shimfiɗa mini tabarma. A gidan farko uwargida ta tare ni da murna. "Mi kinka kawo muna yau?" Na ce ba kawowa na yi ba, tsumma nake roƙo. Ta dube ni sama da ƙasa. "Subhanallahi, karyewa kinka yi?" Kafin in kai gida na gaba labari ya riga ni. Can matar ta miƙo guntun majanyi, da na kai hannu sai ta janye. "Tsaya tukuna. Ku kashe wutar murhu, ga ta nan ta taho." Yaran gidan har da faɗuwa don dariya. Na yi dariyar yaƙe, na karɓa, na yi godiya.

Goggo ta ce da hannuna zan ɗinka. Na zauna na yi, ɗinkin ya fito a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta jujjuya shi ta ce, "Madalla. Muninsa ya kai yadda ake so." Wannan ne kaɗai yabon da na samu a hidimar gaba ɗaya.

Ita ta kai rigar. Ige ta karɓa, amma ta ce kada in sake taka mata ƙofa.

Na je wurin wani malami ina neman abin da zai sanyaya mini rai. Ya ce wannan al'ada ba ta cikin littafi, rai a hannun Allah yake, riga ba ta kashewa ba ta rayawa. Na yarda, har yau a kan haka nake. Amma ni ba riga na ƙona ba. Ɗan abin da ke sa matar nan ta iya runtsawa na ƙona. A makon yarinyar ta yi zazzaɓi, Goggo ta ce Ige ko ruwa ta ƙi sha har sai da jikin ya yi sanyi. Ta warke. Duk da haka ba su jira arba'in ba. Ige ta ce wa mijinta garin nan an riga an ga 'yarta, suka ɗaure kaya suka koma ƙauyen da yunwa ta koro su, suka bar kunun kanwa da itace da duk taimakon matan Alhamis.

Rigar karan-miskin na gan ta a juji, ta daɗe a wurin. Ko yaran unguwa ba su ɗauka ba.

Ban san ko Ajuji ta rayu ba. In masu gero sun shigo daga wajen su nakan tambaya, sai su ce wace Ajujin, ai suna da yawa. Wani lokaci wannan amsar tana kwantar mini da hankali, wani lokaci ita ke hana ni cin abinci.

Har yanzu ina kai ƙyallayena ranar Alhamis, in ajiye a bakin ƙofa ba tare da jiran albarka ba. Abin da ke ba ni dariya da takaici shi ne, ban taɓa sayar wa mace ko ɗankwali ba sai na tambaye ta na wa ne, kuma ina za a sa. Ranar da na tashi bayarwa kyauta ce kawai na ga ba na bukatar tambaya. Yanzu ko goro zan miƙa wa tsohuwa, sai na fara duba ko tana da haƙora.