Ciyawar da Ta Fito a Layi

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya iso gonakinmu, ƙungiyar taimakon marayu ta garinmu ta samu fili, malaman gona suka shuka mata alkama. Da aka kira gayyar cire ciyawa, ni na naɗa kaina jagora. Ai na yi gadin ƙofar dam, har na gaisa da Turawa, wa ya kai ni sanin noman zamani? Rashin taɓa ganin alkama sai a burodi kuwa, ƙaramar magana ce.

Na nuna koren da ya rufe fili, na ce a tuge.

Baba Ummaru, shugaban ƙungiya, ya duƙa ya duba. "Ɗana, mi as sa wagga ciyawa tah hito bisa layi?"

"Baba, ciyawar dam ta. Ita ma ta waye."

Aka yi ta tugewa, makaɗin gayya yana wasa ni. Kafin azahar mun gama da abincin marayu kaf, muka bar ciyawar gaske tana shan iska.

Har yau in na doshi mai shayi a Bakura, sai ya rungume burodinsa: "Ku ɓoye alkama, ga Injiniya nan tahe!"