Ragon Iya Tasalla da Bai Fito a Hoto Ba

Iya Tasalla ta Malumfashi mutuniyar kirki ce, Allah ya sani, sai dai ba ta iya haɗiye magana ba ko ta ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Tun ranar da ta lura matar autanta ta fara yawan tofar da yawu, ta je kasuwa ta sayo ɗan rago ta ɗaure a gindin darbejiya. Wata bakwai tana yi masa hidima. Dusa da kanwa da safe, harawa da yamma, ƙanzon tuwo ma kajin gidan sun daina ganinsa. Ranar suna sai da maza huɗu suka taru kafin su kai shi ƙasa. Kafin a yanka, Iya ta ci ado ta ce a ɗauke ta hoto da shi. Ƙanwar mai jego ta karɓi waya ta ƙyasta. Iya dai ta fito tsaf, daga ɗankwali har takalmi, hannunta riƙe da igiya. Igiyar ta miƙe ta yi dama, ta fice daga hoton. Rago kuwa ko ƙahonsa bai leƙo ba.

Ba wanda ya duba a cikin hayaniyar suna. Haka aka tura wa Kande, taubashiyar Iya da ke aure a Gusau, wadda ciwon gwiwa ya hana zuwa. Su biyun nan tun suna tallan gyaɗa suke tsokanar juna, furfura ba ta raba su da halin ba. Kafin la'asar sai ga saƙon muryar Kande a waya:

"Tasalla, barka da suna. Na ga igiya, tubarkalla, igiya ta yi ƙiba. Zakara ne a ɗaure ko kyanwa?"

Ba Iya kaɗai ta tura wa ba, dangi kaf sai da suka saurara. Kwana uku maganar na cin Iya a rai. An cinye nama, fata ta tafi wurin majema, ba ta da wata shaida sai igiya.

Ana haka, a Islamiyya ta ji wata mata na cewa a shagon Sabitu mai hoto na bakin tasha ana ƙara wa hoto fili ta kowane gefe. Iya ta ce alhamdu lillahi. A ranta abin kamar labule ne, in an ja shi gefe sai a ga sauran ɗaki. Ana tashi ko gida ba ta biya ba, ta hau Keke.

Ta tarar da Sabitu, magidanci mai haƙuri, a gaban kwamfuta, mutum uku na zaune a benci suna jiran hoton fasfo.

"Ɗan nan, kai ne mai ƙara wa hoto fili?"

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa. A firem za a sa shi?"

"Bar zancen firem. Nan hannun dama za ka buɗa mini, inda igiyar nan ta nufa."

Sabitu ya ɗauke hoton daga waya ya sa a kwamfuta, ya danna nan ya danna can. Sai ga farin fili ya fito a gefe, faɗin yatsa uku.

"Ƙara," in ji Iya.

Ya ƙara.

"Ƙara dai, kada ka yi mini rowa."

Ya ƙara har Iyar cikin hoton ta koma lungu, ta zama ƴar mitsitsiya kamar ƙuda a bakin faranti. Iyar waje kuwa ta kafa wa allon ido, tana leƙe kamar mai jiran baƙo a ƙofar gida.

"Ikon Allah. Har yanzu bai iso ba?"

"Wa ke nan, Iya?"

"Ragon mana! Wa nake riƙe da shi, kai?"

Sabitu ya saki abin dannawar, ya juyo da kujera.

"Iya, abin da waya ba ta ɗauka ba, ba ya ciki. Ni fili kawai nake ƙarawa, kamar yadda tela ke ƙara wa zane ƙyalle a gefe."

"Kai, yi mini shiru. Yana wurin, ni ce shaida. Dubi yadda igiyar nan ta miƙe ƙam. Iska ce ke janta?"

"Na yarda yana wurin ranar, amma..."

"To in yana wurin, ina ka kai shi?"

Masu jiran fasfo suka fara sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Sabitu ya yi bayani da Hausa, ya sake yi da hannu, ya ɗauko takarda ya naɗe ya buɗe. Iya ta gyara zama, ta ce ita ba inda za ta sai an fito mata da dabbarta, ba za ta bari Kande ta shiga kabari tana cewa zakara ba.

Da ya ga ba mafita, sai ya sassauta murya.

"Iya, wai ragon nan wane launi ne?"

"Fari tas. Ko ɗigon baƙi babu a jikinsa."

Sabitu ya shafa farin filin nan da tafin hannu, daga sama har ƙasa.

"To ai ga shi nan, Iya. Shi ne ya cika wurin."

Benci ya fashe da dariya, har wani ya zame ƙasa. Sabitu ya jingina da kujera, yana ganin ya gama da ita.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta matso da fuska dab da allon, ta ƙanƙance ido, ta auna farin da hannu, taki ɗaya, taki biyu. Sannan ta ja tsaki.

"Wannan ai cinyarsa ce kawai. Ci gaba da buɗawa."